Abin da "ya yi aiki" ke nufi a jami'a da kuma a kamfani

Matasanmu Hausawan Makka da Jidda da suka karanta kimiyyar kwamfuta a jami'ar KFUPM ta Zahran, ko a KAUST da ke arewa da Jidda, sukan zo da tambaya guda: a tsaya a jami'a ko a tafi kamfani? Ga wanda ya zaɓi manhajar tushe, wato wadda sauran manhajoji ke hawa kanta irin su Linux da rumbun bayanai, abin da ke tsakanin biyun ba katanga ba ce, zana ce. Linux ɗin ma ɗalibi ne ya fara shi a Helsinki a 1991. Mendel Rosenblum yana koyarwa a Stanford shi da abokan aikinsa suka kafa kamfanin VMware a 1998. John Ousterhout ya bar Berkeley ya koma kamfanin Sun, daga baya ya dawo aji a Stanford, inda shi da ɗalibinsa Diego Ongaro suka fitar da Raft, dabarar da ke sa kwamfutoci da yawa su daidaita a kan bayani guda, a 2014. Ana shiga ana fita. Abin da ke canzawa shi ne ma'anar "ya yi aiki".

A ɗakin bincike, in manhaja ta yi gudu sau goma an samu lissafi mai kyau na sawa a takarda, an gama. A kamfani kuwa sai an ɗauke mata wuta tana tsakiyar rubutu, ta farfaɗo ba ta zubar da ko harafi ba.

Nan ne sabon shiga ke fara cin tuntuɓe. Ya kira write, wato umarnin rubuta bayani a fayil, ta amsa masa cewa an rubuta, ya ɗauka bayanin ya sauka a faifai. Bai sauka ba. Yana nan cikin RAM, ƙwaƙwalwar da ke gogewa in wuta ta tafi, kuma a saitin da Linux ke zuwa da shi yana iya kai daƙiƙa 30 kafin a kwashe shi. Wuta ta tafi a wannan tsakanin, shi ke nan. Hanyar da ta tsira ita ce a rubuta sabon bayani a wani fayil na wucin gadi, a kira fsync a kansa, wato umarnin da ke tilasta sauke bayani a faifai, a sauya masa suna ya maye tsohon, sannan a sake kiran fsync a kan foldar da yake ciki. Wannan na ƙarshe shi aka fi mantawa, alhali sunan fayil a folda yake zaune. Kuma a duba amsar da fsync ta dawo da ita. A 2018 masu rumbun bayanai na PostgreSQL suka gano cewa in ta gaza sau ɗaya aka sake kiranta, tana iya cewa lafiya lau bayan bayanin ya riga ya salwanta. Manya ne fa, sun shekara da shekaru a kan aikin.

Darasi na biyu na awo ne. Ɗalibi ya saba da matsakaicin lokaci, shi kuwa matsakaici mai rufa asiri ne. A ce kowace sabar, wato kwamfutar da ke amsa buƙatun masu amfani, tana jinkiri a buƙata ɗaya cikin 100. Ba komai, in ji ɗalibi. To idan buɗe shafi ɗaya yana jiran amsa daga sabar 100, kusan kashi 63 cikin 100 na masu buɗewa za su ɗanɗana jinkirin. Shi ya sa ake auna mafi munin kashi ɗayan nan, ba tsakiya ba. A nan Saudiyya ba sai an yi dogon bayani ba: manhajar da ke tafiya sumul a watan Safar ba ita ce ta goman ƙarshe na Ramadan ko kwanakin Mina ba. Kuma in sabar ta gaji, wayoyi dubbai suka sake bugowa a tare, su ne za su ƙarasa ta. Sai a sa jira mai ninkuwa, milisakan 100, 200, 400, a ɗan yamutsa lokutan don kada su dawo kamar tururuwa.

Sakin gyaran manhaja ma da ladabinsa: inji ɗaya cikin 100 tukuna, a zuba ido, sannan goma, sannan saura, da hanyar komawa baya a hannu. Ranar 19 ga Yuli 2024 gyara guda na kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya kayar da kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5. Tun da hutunmu Juma'a da Asabar ne, yammacin Alhamis ba lokacin taɓa komai ba ne.

Amma kada a ce jami'a ba ta ba da komai. A ganina ita ke koyar da abin da kamfani ya fi ƙarancinsa, wato haƙurin tambayar dalili. Injiniyan da bai sha wannan horo ba, in manhaja ta sandare sai ya kashe ya kunna, ta tashi, ya ce Alhamdu lillahi. Sau da yawa zare biyu ne, wato sassan manhajar da ke gudu a lokaci guda, suka kama makullai biyu na tsare bayani a jere mabambanci, kowane yana jiran ɗan'uwansa ya saki, kuma za su sake haɗuwa ranar da aka fi cunkoso. Kafin a kashe, a ɗauki hoton ƙwaƙwalwar manhajar da umarnin gcore, a buɗe shi da gdb, manhajar binciken matsala, a ga inda kowane zare ya tsaya da makullin da ke hannunsa. Gyaran kansa sau da yawa layi biyu ne: kowa ya riƙa ɗaukar makullan a jere ɗaya.