Yadda Muke Koyar da Gwajin PCR a Ɗakin Gwajinmu na Jos

Ina da ƙaramin ɗakin gwaje-gwaje a Jos, kuma baya ga gwajin jini da fitsari da bayan gida da muke yi wa waɗanda likitoci ke turo mana, mukan karɓi matasa biyar ko shida a lokaci guda domin koya musu gano ƙwayoyin cuta ta hanyar sinadarin halittarsu, wato DNA. Yawancinsu sun yi karatun gwajin asibiti a Jami'ar Jos ko a kwalejin da ke Vom, kuma sukan zo da ka'idar a kansu. Abin da suke nema a wurinmu shi ne hannunsu ya saba.

Mako biyun farko ba na barin kowa ya taɓa na'urar PCR, wato mai ninka DNA har a iya gano shi, duk da cewa dominta suka biya kuɗi. Sai ɗalibi ya iya shimfiɗa jini a gilashi, ya rina shi da Giemsa, ya nuna mini ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a madubin likita, domin wanda bai taɓa ganin ƙwayar da idonsa ba yakan gaskata duk abin da na'ura ta faɗa masa. Bayan haka ne nake nuna musu inda madubi ya gaza. Ma'aikaci mai gwaninta yakan gano ƙwayar idan ta kai kamar 50 zuwa 100 a maikurolita ɗaya na jini, wato ɗan mitsitsin ɗigo, alhali PCR na kama ƙasa da biyar. Haka kuma Entamoeba histolytica mai haddasa atini da 'yar'uwarta dispar marar illa kamanninsu ɗaya ne a madubi, sai DNA ke raba su.

Dabarar kanta, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a Amurka a 1983, ba ta da wuyar bayani. Ana ciro DNA daga jinin da aka ɗiga a takardar tacewa ya bushe, a haɗa shi da sinadarai a ɗan ƙaramin bututu, na'urar ta ɗumama shi zuwa digiri 95, ta sauko wajen 55, ta koma 72, ta maimaita haka sau 30 zuwa 40, kuma a kowane zagaye guntun DNA ɗin da ake nema yana ninka kansa.

Wannan ƙarfin nata shi ne kuma haɗarinta. Akwai lokacin da samfura goma sha biyu suka nuna ƙwayar zazzaɓin cizon sauro ta falciparum gaba ɗaya, har da bututun da ruwa zalla muka zuba masa domin shaida. Ɗalibai suna murnar aiki ya yi, ni kuwa gabana ya faɗi. Da muka bi sawu, ashe wata ɗaliba ce ta buɗe bututun da aka gama ninkawa, sannan ta koma teburin haɗa sinadarai da safar hannu guda. Ta ce, "Malam, ai ban taɓa komai ba," kuma gaskiyarta ce, abin da ta ɗauko ido ba ya ganinsa. Kwana uku muka yi muna goge tebura da bilic, muka zubar da sinadaran da aka shigo da su da dala. Tun daga ranar na raba ɗakin gida uku, kowane da rigarsa da fifet ɗinsa na ɗibar sinadari, kuma aiki gaba yake tafiya, ba a dawowa baya.

Wuta kuwa ba sai an faɗa ba: sinadaran suna zama a firiza a digiri 20 ƙasa da sifili, shi ya sa na sayi sola da inbata tun kafin in gama biyan kuɗin na'urar. Har yanzu mai zazzaɓi idan ya shigo, gwajin gaggawa ko madubi muke yi masa, domin yana son sakamako a cikin awa guda kuma a kuɗin da aljihunsa zai ɗauka. Masu kawo mana aikin PCR galibi masu bincike ne da ɗaliban digiri na biyu.