Ɗaukar Hoton Wuta a Bakin Kogin Ganga

Kowace yamma da faɗuwar rana, a matakalar Dashashwamedh da ke Varanasi a jihar Uttar Pradesh ta Indiya, matasan malaman addinin Hindu sukan jeru suna fuskantar kogin Ganga. Sai a busa katantanwar teku, ƙararrawa ta ɗauka, su ɗaga fitilun tagulla masu hawa-hawa suna juya su a hankali. Wannan ita ce ibadar Ganga Aarti, kuma ita na je ɗauka.

Wuta tana yaudarar kyamara. Duhun da ke kewaye yakan sa na'urar ta buɗe ido fiye da kima, harshen wutar ya fito fari fat, babu ja babu ruwan ɗorawa. Sai na riƙa auna haske a kan wutar kanta, na bar sauran wurin ya yi duhu. Na kashe filasha, domin tana kashe ɗumin hoto, tana kuma damun masu ibada. Daga cikin kwale-kwale na yi aikin, shi kuwa ba ya tsayawa cak, don haka na sa saurin ɗauka a 1/250 na sakan, na ɗaga ISO, wato ƙarfin karɓar haske na kyamara, zuwa 3200. Lokacin da ya fi kyau shi ne kafin duhu ya rufe, sama tana da sauran shuɗi, hayaƙin turare da kafur yana riƙe haske.

Amma hotunan da na fi so ba na manyan fitilun ba ne. Bayan an gama, akan zagaya da ƙaramar fitila cikin jama'a, kowa ya ɗora tafukansa bisa harshen wutar, ya shafa a ido da ka. Na ɗauki wata dattijuwa tana yin haka, fuskarta cike da natsuwa, bayan na nuna mata kyamarar ta gyaɗa kai. Ni Musulmi ne, ba aƙidata ba ce, amma na gane cewa a wurinta wannan ba ado ba ne. Hindu suna kiran wuta Agni, suna ɗaukar ta a matsayin mai kai hadaya ga ababen bautarsu, kuma da yabonta Rig Veda, tsohon littafin addininsu, ya fara. Tana cikin abubuwa biyar da suke cewa da su aka gina duniya, tare da ƙasa, ruwa, iska da sarari. Ko aure ma ita ce shaidarsa, ango da amarya ita suke zagayawa.

Ɗan gaba kaɗan akwai matakalar Manikarnika, inda ake ƙona gawa dare da rana. Mutanen Dom, al'ummar da ta gaji aikin ƙona gawa, su ne ke kula da wutar wurin, wadda ake cewa ta yi ɗaruruwan shekaru ba ta mutu ba, kuma daga gare ta babban ɗan mamaci, da askakken kai da farin ƙyalle, yakan ɗauki wutar da zai kunna wa mahaifinsa. Kafin mu ƙarasa, mai kwale-kwalen ya ce in mayar da kyamara cikin jaka. Na mayar. Wasu baƙi sukan yi satar ɗauka daga nesa da dogon gilashi, abin da nake gani cin zarafi ne. Wane ne a cikinmu zai yarda baƙo ya tsaya bakin kabarin mahaifinsa yana neman kusurwa mai kyau?