Godiya bayan kare aikina a Ngaundere

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, na kare aikina na kammala karatu a gaban malamai a Ngaundere, an kuma karɓa. Saƙonninku sun fi ƙarfin in amsa su ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa na haɗa godiyar a nan.

Ga masu tambaya wane aiki ne ya hana ni zuwa gida da salla: rumbun bayanai ne na karatuttukan da ake ɗauka da waya a zauren Malam a unguwarmu a Garwa. Shekara da shekaru suna zube a memori, mai neman hukuncin taimama sai ya yi ta buɗe wannan yana rufe wancan. Nufina a jera su babi cikin babi: ibada, a ƙarƙashinta tsarki, a ƙarƙashinsa alwala, sannan farillai da sunnoni da abubuwan da ke warware ta.

Malamin da ya duba aikin, Allah Ya saka da alheri. Shi ya tsaya kai da fata a kan hanya mafi sauƙi: tebur guda, kowane babi da lambarsa, da wani gurbi mai ɗauke da lambar uwarsa, wato babin da ke samansa. Babin da gurbinsa ya zama wayam, shi ne tushe. Da za a ce a fito da duk abin da ke ƙarƙashin tsarki, umarnin WITH RECURSIVE ne zai bi zuriyar hawa-hawa har ƙasa, kuma SQLite, manhajar ajiye bayanai wadda ke cikin wayoyin Android, ta iya wannan tun 2014. Ta haka manhajar take aiki ko babu intanet, wanda a wajen mutanenmu shi ne komai. Ranar karewa wani daga cikin alƙalan ya tambaye ni dalilin ƙin bin tsarin da Joe Celko, masanin rumbun bayanai, ya yaɗa, mai bai wa kowane babi lamba biyu, ta hagu da ta dama. Na ce karantawa da shi akwai sauri, amma ƙara babi ɗaya a tsakiya sai an sake lambobin duk na bayansa, mu kuwa kullum ƙari muke yi. Ya gyaɗa kai ya wuce. Amsar nan a ofishinka na koye ta, Malam.

Sai Malam na zaure, Allah Ya ja da ranka. Bai taɓa riƙe kwamfuta ba, amma shi ya gyara ginin. Na kai masa jadawalin a takarda bayan la'asar, ya bi shi da yatsa, ya tsaya a wuri ɗaya ya ce, “Yaro, zakkar fidda kai fa? A babin zakka ka sa ta. Wanda zai neme ta a ƙarshen Ramadan, babin azumi zai nufa.” Tsarin da ke hannuna uwa ɗaya ya sani ga kowane babi. Kwafe ta wuri biyu kuma rigima ce, a gyara nan a manta can. Daga wannan tambaya aka samu tebur na biyu, ƙarami, wanda aikinsa kawai ya ce wannan babi yana bayyana a ƙarƙashin wancan ma. A ganina wannan ɗan teburin ya fi duk sauran aikin daraja, shi ne kuma abin da alƙalai suka fi daɗewa a kai.

Abokin ɗakina, kai ma ka sha wuya. Kai ka ɗauki tsarki ka mayar da shi ƙarƙashin alwala da gangan, bincike ya shiga zagaye ba fita har wayar ta yi zafi. Yanzu manhajar ba ta yarda a sa babi a ƙarƙashin ɗansa ko jikansa. Kai ne kuma ka tuna mana cewa SQLite ba ta tsare alaƙar uwa da ɗa sai an kunna mata, in ba haka ba a goge uwa a bar 'ya'ya a watse.

Yaya, na gode da aron kwamfuta da cajin da na riƙa yi a shagonka duk lokacin da aka ɗauke wuta. Baba da Inna, kun hau mota tun asuba kuka haura dutsen nan na hanyar Ngaundere don ku zauna ku saurari Faransancin da ba ku ji. Allah Ya ba ni ikon kyautata muku, Ya jiƙan magabata.

Har yanzu akwai karatuttukan babin gado da na ciniki da ba a jera ba. Ɗaliban zaure masu lokaci, ku same ni ranar Alhamis bayan la'asar, kowa ya zo da abin saurarensa.