Lissafin jarka a bazarar Kano

Daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da bazara ta kankama, rijiyoyi da yawa a birnin Kano kan ja baya, har da wasu na burtsatse, domin ƙarƙashin birnin dutse ne, ruwan da ake samu kuma yana maƙale ne a tsagoginsa. Madatsar Tiga tana nan tun 1974, matatun Tamburawa da Challawa ma suna nan, amma gari ya faɗaɗa ya wuce inda bututu ya tsaya. Shi ya sa gidaje irin namu suka dogara ga 'yan garuwa, waɗanda su ma saye suke yi a wurin mai burtsatse, kuma duk ranar da aka ɗauke wuta ya tayar da janareto, a kan kuɗin jarka abin yake ƙarewa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya yana buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana. Jarkar garuwa lita 25 take ci, saboda haka gida mai mutum takwas yana buƙatar jarka 16 ke nan a mafi ƙaranci. Magidanta kaɗan ne za su iya wannan kullum.

A ganina, yi wa yara faɗa a kan kofin ruwan da suka zubar ba ya rage komai. Abin da yake cinye ruwan gida shi ne masai na zamani, wanda kora biyu ko uku ta ishe shi ya shanye jarka guda, alhali da tunanin famfon da ba ya ɗaukewa aka ƙera shi. Saboda haka a gidanmu ruwa mai tsabta ba ya zuwa can. Ruwan ɗaurayar kaya shi ake tarawa a wanke tsakar gida, na wanki mai kumfa a kora masai da shi, wanda aka wanke shinkafa ko alayyafo kuma a ba zogalen bayan ɗaki. Ga alwala, bahon da za a tara a ƙarƙashin buta ya wadatar. Ya kuma inganta cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi alwala da mudu ɗaya, abin da bai kai lita guda ba.

Inda ba na yarda a yi tsimi shi ne wanke hannu da ruwan sha, domin kwalara ta fi samun ƙofa a gidan da ake ajiye ruwa kwana da kwanaki a buɗe. Randa ta zauna a rufe da moɗa ɗaya mai mariƙi, a riƙa wanke duro kafin a sake cika shi, ruwan garuwa kuwa a tafasa shi ko a sa masa sinadarin kulorin kafin yara su sha, tunda ba kowane mai kura ne yake wanke cikin jarkokinsa ba.