"Ban sani ba" ba ta fitar da koci

Jiya bayan isha'i muna zaune wajen mai shayi a Zoo Road gardama ta kaure tsakanina da yayan wani abokina, shi yana horar da yara ƙwallo ne a wani fili can wajen Hotoro. Abin da ya jawo ta kuwa wasannin jami'o'in Amurka, waɗanda na kamu da bibiyarsu tun lokacin kullen korona, kar ma ku tambaye ni dalili.

Su can hukumar NCAA ce ke kula da harkar, kuma kuɗi ne ke yawo ba na wasa ba, koci ɗaya sai ya kwashi miliyoyin daloli a shekara. Da can in aka kama maguɗi, ko an ba yaro kuɗi a ɓoye don ya zo makarantar ko an rubuta masa jarabawa, sai babban koci ya rantse shi bai san zancen ba mataimakinsa ne, a kori ɗan ƙaramin ma'aikaci shi kenan an wuce wajen. A 2013 suka ƙara ɗaure dokar, duk abin da na ƙasa da kai ya yi a wuyanka yake sai in ka kawo hujjar kana sa ido. Daga 2023 ko wannan ƙofar ma sun toshe ta a manyan laifuka.

Yaya ya ajiye kofinsa ya ce, "Haba ƙanena, wannan ai zalunci ne, mutum ɗaya zai bi mutum talatin har ɗakin kwanansu?" Na ce Yaya ranar da aka ci kofi wa ake ɗagawa sama, mai ɗaukar ruwa? Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski.

Na kawo masa Rick Pitino na ƙwallon kwando a jami'ar Louisville, wani ma'aikacinsa ya riƙa kawo mata masu rawar banza har masaukin 'yan wasa don jawo sababbin yara, Pitino ya ce sam bai sani ba, duk da haka a 2017 aka yanke masa dakatarwar wasa 5, a 2018 kuma aka ƙwace kofin da suka ci a 2013. To amma ni inda abin ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne irin na Jim Harbaugh, kocin ƙwallon Amurka a jami'ar Michigan. An dakatar da shi wasa 3 a 2023 kan satar alamun da abokan karawa ke yi wa 'yan wasansu, ya dawo ya ci kofin ƙasa a Janairun 2024, ya tattara ya koma horar da ƙungiyar Chargers a NFL, gasar ƙwararru, inda NCAA ba ta da ko kobo na iko. Sai daga baya takunkumin NCAA ya biyo, na shekara 4 a 2024 kan wani laifin daban, da na shekara 10 a 2025 kan satar alamun. Ihu bayan hari kenan, tarar kuwa makarantar ya bar wa.

Abin yana min zafi ne don na taɓa ɗanɗanawa. Muna aji biyar a sakandare malamin wasanninmu ya shigo mana da 'yan haya guda uku, ɗaya har da gemu an aske shi da safe ana ganin sawun reza, aka sa musu rigarmu. Ni aka cire aka ba wa ɗaya lambata. Muka kai wasan kusa da na ƙarshe sai wata makaranta ta kai ƙara aka kore mu gaba ɗaya, yara na ta kuka a bayan mota tun daga filin har makaranta. Malam kuwa cewa ya yi kyaftin ne ya kawo su, kyaftin ya sha bulala a asambili, shi ko malam da shekara ta zagayo shi ne dai riƙe da usur.

Da na gama Yaya ya yi shiru yana juya cokali, can ya ce in ƙara masa madara, wai gobe yana da wasa da 'yan ƙasa da shekara 15. Na ce Allah Ya sa ba mai gemu a ciki, ya jefe ni da ɓawon ƙwai.