Notin da ke ɗauruwa ta hagu

Mun baro Kano bayan la'asar, muka bi ta Kaduna da Lokoja da Ibadan, sai washegari da yamma motarmu ta shigo Legas ta Berger. A Zangon Agege na sauka, gidan kawuna, inda Hausa ke tashi ko'ina kamar kana Fagge.

Sarin fanka mai caji ya kawo ni. Da safe muka hau danfo ta Iyana Ipaja da Igando har Ojo, kasuwar Alaba. Na sayi ashirin a kwali, ba a haɗa ba, domin kuɗin mota ya fi sauƙi a haka. Sai dai a Kano ni zan riƙa haɗa wa masu saye, kuma ban taɓa yi ba.

Da dare muka baje guda uku a tsakar gida domin gwaji. Ni na ɗauki takardar cikin kwalin, Turanci ne da ƙananan baƙaƙe, hoton kayan kuma yana can bayan shafin. In karanta layi, in juya in nemo lambar abin a hoto, kafin in dawo na manta inda na tsaya. Babban ɗan kawu ya kunna bidiyo a waya. Ya riga ni kafa sanda a gindi, amma hannun mai bidiyon ya fi nasa sauri, ga nasa hannuwan duka a cike, sai ya ajiye raga ya mayar da bidiyon baya.

Wajen farfela duk muka maƙale. Notin da ke riƙe ragar baya dama ake murza shi, amma murfin farfela hagu yake ɗauruwa, don kada juyawar fankar ta kwance shi. Takardar ta faɗi haka a tsakiyar wani dogon layi, idona ya tsallake. Saura kaɗan in cinye zaren robar.

Kawu na kallonmu daga kan tabarma. Ya ce, "Ɗana, miƙo min kwalin nan." Ya ɗauki biro ya zana gida shida a jere, kowane gida aiki ɗaya: abin da za ka ɗauka, inda zai shiga, da kibiya mai nuna inda za a murza. A gida na biyar ya yi kibiyar da kauri, ya rubuta "hagu" a jikinta.

Autarsa 'yar aji shida ta jingina kwalin da bango, ta haɗa fanka ta uku ba ta tambayi kowa ba. Hannunta na kan aiki, zanen na gabanta yana jiranta. Har yanzu abin na raina, domin da yawa daga cikin yaran shagunanmu ba a ba su umarni ta hanyar da za su gane, sai a ce ba su da kai.

Na yanke ɓangaren kwalin na sa a jaka tare da burodin Agege biyu na tsaraba. A tasha na sake leƙawa, ya ɗan lanƙwashe amma kibiyar na nan.