Kafin ka fara naɗar allo, duba ko MKV ne

Duk wanda ya tambaye ni wace manhaja ce ta fi wajen naɗar allon kwamfuta, tambaya nake mayar masa: in aka ɗauke wuta kana tsakar naɗa, me zai rage maka?

Darussan Excel nake naɗa ina tura wa ɗalibaina ta WhatsApp, kuma batirin laftof ɗina ya daɗe da mutuwa, sai da caja a jiki. Da wata 'yar manhaja na fara, maɓalli ɗaya ka danna shi ke nan, tana ajiye bidiyo a MP4. Ranar da na yi bayanin VLOOKUP, wata dabarar nemo bayani a Excel, tun daga tushe, har muryata ta dushe, saura ƙiris in yi sallama wuta ta tafi. Da ta dawo, ga fayil nan da nauyinsa, amma ko VLC, manhajar kallon bidiyo mai buɗe komai, ta ƙi shi. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Ashe shi MP4 irin na da, sai an danna tsayawa yake rubuta bayanin inda kowane hoto da sauti yake. In kwamfuta ta mutu kafin nan, kamar shago ne cike da kaya an yar da makulli.

Wannan ne ya kai ni ga OBS Studio, wadda a da nake gudu saboda tarkacen saituna irin su Scenes da Sources. Kyauta ce, tun 2012 take, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Na sa ta naɗa a MKV, wani nau'in fayil ɗin bidiyo kamar MP4, sai dai shi yana buɗuwa ko an katse naɗin. Wuta ta sake yi mini halinta, na buɗe fayil gabana na faɗuwa, sai ga darasin nan har zuwa kusan inda aka katse ni. Alhamdu lillahi! Sigar OBS 30.2 ta 2024 ta zo da sabon nau'in MP4 mai suna Hybrid MP4 don magance wannan matsalar, amma ni dai ban bar MKV ba.

Sauran manhajojin kuwa, kowace da wurinta. ShareX gwana ce a ɗaukar hoton allo, sai dai Windows kaɗai. SimpleScreenRecorder ba ta da nauyi a Linux, amma don tsohon tsarin nuna allo na Linux, X11, aka gina ta, mai sabon tsarin, Wayland, ya nemi wata.  Allon wayar Android kuma scrcpy ce ke kawo mini shi kwamfuta ta igiyar USB.

Abu ɗaya kawai: WhatsApp ya fi jituwa da MP4. Bayan ka gama, shiga File a OBS, zaɓi Remux Recordings, cikin daƙiƙoƙi zai juya maka shi zuwa MP4, ingancin hoton bai ragu ba. Kada ka goge na MKV ɗin sai ka kalli sabon har ƙarshe.